BABI NA BIYU: TARIHIN SAMUWAR LESIN NA LISSAFI DA KIMIYYA A ƘASAR HAUSA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan nazari da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. A wannan babi kuwa, za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda al'adar ɗaukar malami na musamman domin ya koya wa ɗalibin sakandare lissafi da kimiyya ta samu gindin zama a ƙasar Hausa ta Nijeriya, tare da kawo misalai daga Jihar Kano. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, wannan al'ada ba ta taso daga son burga na iyaye ko kwaɗayin malamai kawai ba. Ta taso ne a lokacin da buƙatar cin jarrabawar lissafi da kimiyya ta ƙaru, ƙarfin makarantun gwamnati kuma ya ragu, sai nauyin da hukuma take ɗauka a da ya koma wuyan iyaye. Don haka za a bi tarihin daki-daki, tun daga karatun zaure har zuwa zamanin jarrabawa ta kwamfuta.

2.1 Ma'anar Lesin

Kalmar lesin aro ce daga Ingilishi, inda asalinta take nufin darasi kowane iri. Amma da ta shigo Hausa sai ma'anarta ta taƙaita, ta koma tana nufin ƙarin darasin da ake biyan kuɗi a yi wa ɗalibi bayan an tashi daga makaranta, ko a ranakun Asabar da Lahadi, ko a lokacin hutu. Ana iya kasa lesin gida uku. Na farko shi ne wanda malami yake zuwa har gida ya koyar da yaro ɗaya ko yaran gida guda. Na biyu shi ne wanda ɗalibai suke taruwa a wani aji da aka ara, galibi a makarantar firamare ta unguwa bayan la'asar. Na uku kuwa shi ne wanda makarantar da kanta take shiryawa bayan tashi, ta sanya kuɗinsa daban. Masanin ilmi Mark Bray, a littafin da ya wallafa a shekarar 1999, ya kira irin wannan karatu da sunan ilmin inuwa, saboda yana bin manhajar makaranta kamar yadda inuwa take bin mutum. Idan manhaja ta sauya shi ma sai ya sauya.

2.2 Tushen Lesin a Karatun Zaure

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya san zama gaban malami shi kaɗai domin ɗaukar karatu. A makarantun ilmi, wato na zaure, kowane ɗalibi yana zuwa da littafinsa, malami ya biya masa gwargwadon fahimtarsa, sannan na gaba ya matso. Daga cikin fannonin da ake ɗauka ta wannan hanya akwai hisabi da ilmin taurari da rabon gado, wanda ba ya yiwuwa sai da sanin kason lissafi kamar rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi. Hasali ma ƙasar Katsina ta fitar da shahararren masanin lissafi, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu a kan hatimai na lissafi a shekarar 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a shekarar 1741.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin wancan karatu da lesin. Malamin zaure ba ya yanka farashi; abin da ake ba shi sadaka ce ko kyauta, kuma ba wata jarrabawa ake tunkara ba. Saboda haka ba za a ce karatun zaure ne ya haifi lesin ba. Abin da za a iya cewa shi ne ya share masa fage, domin a lokacin da lesin ya bayyana, iyaye ba su ga baƙon abu ba a tura yaro wajen malami shi kaɗai.

2.3 Zamanin Makarantun Kwana, 1909 zuwa 1975

Ilmin boko na gwamnati ya fara a Kano a shekarar 1909, lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa. Bayan haka aka kafa Kwalejin Katsina a shekarar 1921, wadda aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce kuma ta zama Kwalejin Barewa. A tsakanin waɗannan akwai makarantun midil na larduna. Manufar Turawa a wancan lokaci ita ce samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, don haka lissafin da ake koyarwa bai wuce na ofis da awo ba, kimiyya kuwa ba ta sami kulawa sosai ba sai daga baya.

Abin lura a nan shi ne waɗannan makarantu kaɗan ne, kuma kusan dukkansu na kwana ne. Ɗalibi yana hannun hukuma dare da rana, ita take ciyar da shi, ta ba shi tufafi da littattafai. Bayan darussan safe akwai lokacin bita na yamma da na dare, wanda ɗalibai suke kira firef, inda kowa yake zama a aji a ƙarƙashin kulawar malamin da yake kan aiki. Malamai da yawa suna zaune a cikin harabar makaranta, wanda bai gane darasi ba yana iya samunsu ko ya sami na gaba da shi a aji. Wato ke nan ƙarin darasi yana nan tun a wancan zamani, sai dai kyauta ne, kuma ɗan sarki da ɗan talaka duk suna samunsa daidai wa daida. Hasali ma a lokacin matsalar hukuma ita ce samun yaran da za a saka, domin iyaye da yawa gudun boko suke yi, balle a yi zancen su biya kuɗin ƙari.

Kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, a shekarar 1952, da buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun fara ɗaga darajar takardar sakandare. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970 kuma suka tona asirin ƙarancin ma'aikata 'yan asalin Arewa, domin da ma'aikatan da suka fito daga Kudu suka koma gida, sai aka rasa isassun masu riƙe asibitoci da jirgin ƙasa da gidan waya da sauran ayyukan fasaha. Daga nan ne sababbin jihohin da aka ƙirƙiro a 1967 suka gane cewa ba su da makawa sai sun samar da likitoci da injiniyoyi nasu na kansu.

2.4 Shekarun Faɗaɗa Ilmi, 1976 zuwa 1981

Abubuwa huɗu ne suka faru a cikin shekara uku waɗanda suka sauya matsayin lissafi da kimiyya. Na farko shi ne shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Dole aka ɗauki malamai cikin gaggawa, da yawansu ba su sami cikakken horo ba, kuma darasin da ya fi jin jiki a hannun irin waɗannan malamai shi ne lissafi.

Na biyu shi ne soke manhajar da ake kira lissafin zamani a farkon shekarar 1977, lokacin da Kanar Ahmadu Ali yake Kwamishinan Ilmi na Tarayya. An shigo da wannan manhaja ne a shekarun 1960, aka kuma janye ta ba tare da an gama shirya littattafan da za su maye gurbinta ba, abin da ya jefa malamai da ɗalibai cikin ruɗani na ɗan lokaci. Na uku shi ne fitowar Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, wadda ta fifita kimiyya da fasaha. A ƙarƙashin wannan fifiko ne aka tsara cewa kashi 60 cikin ɗari na gurabun jami'a su tafi ga fannonin kimiyya, kashi 40 ga sauran fannoni. Na huɗu kuwa shi ne kafa hukumar JAMB a 1978, wadda ta mayar da shiga jami'a gasa guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, inda ɗalibin Kano zai kara da na Legas da na Enugu a kan takarda iri ɗaya.

Jihar Kano ta tunkari wannan ƙalubale ta hanyar da ta dace a yi nazarinta. A shekarar 1977, zamanin mulkin Kanar Sani Bello, aka buɗe makarantun sakandare na kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu ɗaya a Dawakin Tofa. Ana zaɓo ɗalibai masu hazaƙa daga sauran makarantu ta hanyar jarrabawa, a tara su a makarantar kwana mai ɗakunan gwaje-gwaje da ƙwararrun malamai. Abdalla Uba Adamu ya yi nazari mai zurfi a kan shekaru goma na farkon waɗannan makarantu a kundin digirinsa na uku na shekarar 1988. Abin da ya shafi wannan babi shi ne, makarantun sun nuna cewa ɗan Kano yana iya cin kimiyya idan ya sami kulawa. Amma gurabunsu kaɗan ne. Uban da ɗansa bai sami shiga ba, alhali yana ganin ɗan maƙwabcinsa ya kama hanyar zama likita, sai ya fara tunanin yadda zai sama wa nasa irin wannan kulawa da kuɗin aljihunsa. Daɗin daɗawa, ita kanta jarrabawar shiga makarantun kimiyya ta zama abin da ake shirya yara dominsa.

2.5 Zamanin Tsuke Bakin Aljihu, 1982 zuwa 1998

Shekarar 1982 muhimmiya ce a wannan tarihi, domin a cikinta abubuwa uku suka haɗu. Yaran UPE na farko suka kammala firamare suka nufo sakandare. Aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4. Farashin man fetur kuma ya faɗi har gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu. Wato a daidai lokacin da ɗalibai suka fi yawa, manhaja kuma ta fi buƙatar kayan aiki, a lokacin ne kuɗi suka yi ƙaranci. An sayo injuna na koyar da gabatarwar fasaha daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da rashin malaman da suka san yadda ake sarrafa su.

Hanyar da jihohi suka bi wajen ɗaukar wannan ɗimbin ɗalibai ita ce buɗe makarantun jeka-ka-dawo da kuma mayar da wasu na kwana zuwa na jeka-ka-dawo. A birane har aka raba karatu gida biyu, 'yan safe da 'yan yamma. A ganin wannan nazari, wannan shi ne babban abin da ya haifi lesin. Da aka daina kwana a makaranta sai firef ya mutu, yammacin ɗalibi da darensa suka koma hannun iyayensa. Uban da ya yi boko yana iya duba littafin ɗansa na Ingilishi ko tarihi, amma kaɗan ne suke iya warware masa lissafin aljabara ko daidaita ma'aunin sinadarai. Wanda yake da hali sai ya nemi malami.

Matsalar malamai ita ma ta ƙara tsananta. Tun daga shekarun 1970 makarantun Arewa sun dogara ƙwarai ga malaman lissafi da kimiyya 'yan ƙasashen waje, musamman daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Ghana, sai kuma masu yi wa ƙasa hidima bayan kafa shirin a 1973. Korar baƙin da ba su da takardun zama a farkon 1983 ta shafi 'yan Ghana da yawa. Bayan haka shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo a 1986, ya karya darajar Naira. Kuɗin da a farkon shekarun 1980 ya fi Dalar Amurka daraja, zuwa 1993 sai da kusan Naira 22 ake samun Dala ɗaya a farashin gwamnati. Malamin da ya zo daga Indiya domin ya riƙa aika kuɗi gida sai ya ga zaman ba riba, ya tattara ya tafi. Malamin gida kuma albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata, ga shi ba a biya a kan lokaci. Saboda haka buƙatu biyu suka gamu: uba yana neman mai koya wa ɗansa, malami yana neman abin da zai cike giɓin albashi.

A ɓangaren jarrabawa kuma, a 1988 aka fara jarrabawar kammala babbar sakandare ta SSCE, wadda manhajarta ta kimiyya ta fi ta tsohuwar jarrabawar aji biyar zurfi. Ɗaliban da suka kasa samun kiredit biyar sai su koma su zauna jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, wadda jama'a suke kira GCE. Waɗannan ba su da makaranta, ba su da malami, don haka su ne suka cika azuzuwan yamma da aka riƙa buɗewa a unguwanni. Gwamnati ba ta yi shiru gaba ɗaya ba, domin a ƙarshen shekarun 1980 ta kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja, amma aikin cibiya guda ba zai cike gurbin malamin aji a kowace makaranta ba.

2.6 Daga 1999 Zuwa Zamanin Kwamfuta

A shekarar 1999 aka kafa hukumar NECO, ta kuma gudanar da jarrabawarta ta farko ta kammala sakandare a 2000. A 1999 ɗin ne kuma aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, wanda ya sake ƙara yawan masu shiga sakandare. A 2005 jami'o'i suka fara tasu jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB, a 2015 kuma JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zama sabon shinge, kowane shinge kuma ya haifar da nasa lesin. Ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba dole ya biya a koya masa, ban da kuɗin bitar tsofaffin tambayoyi. Makarantu masu zaman kansu, waɗanda suka yawaita a wannan lokaci, su ma suka shigar da lesin cikin jadawalinsu. Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya sa wasu malamai suka koma koyarwa ta wayar hannu, abin da ya amfani masu babbar waya da kuɗin data kawai.

2.7 Dalilin Fifita Lissafi da Kimiyya

Tambayar da za a yi a nan ita ce, me ya sa lesin ya fi karkata ga lissafi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji? Dalili na farko shi ne yanayin darussan kansu. Lissafi gini ne, wanda bai iya kaso a firamare ba ba zai iya aljabara ba, wanda bai iya aljabara ba kuma Fizis zai gagare shi. A ajin da ɗalibai suka yi yawa, malami ba shi da damar komawa baya saboda mutum ɗaya. Na biyu shi ne harshe, domin yaron da ya tashi da Hausa yana fama da abu biyu a lokaci guda, wato Ingilishin tambayar da kuma lissafin da yake cikinta. Malamin lesin kuwa yana da sararin yin bayani da Hausa har sai yaro ya gane. Na uku shi ne jarrabawar gwaji ta kimiyya, wadda take buƙatar ɗalibi ya taɓa kayan awo da hannunsa, alhali makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje mai aiki. Na huɗu shi ne kiredit a waɗannan darussa shi ne mabuɗin karatun likita da injiniya da haɗa magunguna da aikin jinya, waɗanda iyaye suke ganin su ne masu tabbacin aiki.

2.8 Tasirin Lesin

Ba za a musa cewa lesin ya taimaki ɗalibai da dama ba, ya kuma riƙe wasu malamai a cikin aikin koyarwa waɗanda da sun bar shi. Sai dai yana da illoli da ya kamata a bayyana. Babbar illarsa ita ce ya raba ɗaliban aji ɗaya gida biyu bisa ga ƙarfin aljihun iyayensu, alhali jarrabawa ɗaya za su zauna. Ɗan ƙauye ya fi cutuwa, domin ko da kuɗin ba lalle ya sami malamin Fizis a kusa ba. 'Ya'ya mata su ma suna da nasu cikas, saboda iyaye da yawa ba sa sakin jiki da fitar budurwa da yamma ko shigowar baƙon namiji gida, ga aikin gida, ga kuma lokacin da yake cin karo da na Islamiyya. Illa ta biyu ita ce idan malamin aji shi ne malamin lesin, akwai fargabar ya rage ƙoƙari da safe domin a neme shi da yamma. Ta uku ita ce karkata ga haddar amsoshin tsofaffin tambayoyi maimakon fahimta, har wasu cibiyoyi suka zarce zuwa satar amsa, duk da dokar soja ta 1984 da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai wannan laifi, da kuma dokar 1999 da ta maye gurbinta.

Wasu suna ganin maganin abin shi ne a hana lesin da doka. Tarihin wata ƙasa da ta gwada haka yana da darasi a nan. Koriya ta Kudu ta haramta lesin a shekarar 1980, amma bai mutu ba, sai ya koma ɓoye ya ƙara tsada, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke haramcin a shekarar 2000. Wannan ya nuna cewa muddin dalilan da suka haifi lesin suna nan, doka kaɗai ba za ta kawar da shi ba.

2.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda ƙarin darasi ya taso daga firef na makarantun kwana, wanda hukuma take bayarwa kyauta ga kowa, ya koma lesin da iyaye suke biya. An nuna cewa sauyin ya faru ne a sakamakon faɗaɗa ilmi daga 1976, da tsananta gasar shiga jami'a daga 1978, da raguwar makarantun kwana da tafiyar malaman kimiyya a shekarun 1980. An kuma bayyana dalilan da suka sa lissafi da kimiyya suka fi kowane darasi jan lesin, da irin tasirinsa ga ɗan talaka da ɗan ƙauye da 'ya mace. A babi na gaba za a dubi yadda ake gudanar da lesin, da irin malaman da suke yinsa, da kuma matsayin harshen Hausa a cikin koyarwar tasu.